Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ƙannena 'yan bautar ƙasa da masu neman aiki a Abuja

Assalamu alaikum ƙannena maza da mata, da fatan kuna lafiya, ya haƙuri da zafin garin nan da tsadar mota. Waɗanda suka fito daga sansanin Kubwa kwanan nan sannunku da shan rana, waɗanda kuma suka gama suka ajiye kaki suna ta zaryar kai takardu daga Wuse zuwa Garki zuwa Sakatariya, Allah Ya sa a dace Ya kawo mai albarka.

Ni yayarku ce, na daɗe ina aiki a wani ofis nan cikin gari, kuma cikin ayyukana har da buɗe akwatin imel na ofis kullum da safe. Wato idan kun tura takardar neman aiki ko neman wurin bautar ƙasa, irina ne muke fara gani kafin ta kai teburin oga. Na jima ina cin maganar yadda kuke turo imel a raina, ina faɗa wa ɗaiɗaiku in na samu dama, amma abin ya fi ƙarfin ɗaiɗaiku shi ya sa yau na ce bari in zauna in rubuto muku gaba ɗaya.

Abin da ya tunzura ni wani yaro ne. Bara muka nemi ƙarin ma'aikaci, saƙonni suka yi ta zuba har na daina ƙirgawa, cikinsu akwai wani da ya shigo ba sallama ba gaisuwa ba komai, wurin sabjet, wato kan magana, fayau, cikin saƙon ma fayau ko harafi ɗaya babu, sai hoto guda da aka maƙala, irin sunan nan da waya ke ba hoto mai dogayen lambobi da WA a tsakiya, alamar daga WhatsApp aka ciro shi. Na buɗe, CV ne aka shimfiɗa a kan katifa aka ɗauka, har zanen gado ana gani da inuwar hannun mai ɗaukar, rabin lambar wayar ya yanke. Sunan da ya fito a matsayin mai aikowa kuwa laƙabi ne irin na majalisa da lambobi a baya. Oga na tsaye a bayana lokacin, ya ce wuce kawai. Na wuce.

Bayan kamar sati uku sai ga wani saurayi ya zo ofis da kansa, ya yi sallama daga bakin ƙofa bai shigo ba sai da na ce bismillah, ya rusuna ya gaishe ni, Anti ina kwana, ya aiki, ya iyali, ya gaida masinja ya gaida mai shara, na nuna masa kujera ya ce a'a nan ma ya isa. Ya ce ya turo takardunsa ne bai ji komai ba shi ne ya ce bari ya zo ya ji ko sun iso, tun daga Mararaba ya taso da sassafe ya sha goslon Nyanya. Na tambayi adireshin da ya turo da shi, ya faɗa, wallahi sai da gabana ya faɗi. Shi ne mai hoton kan katifa. Yaro mai hankali mai natsuwa, sakamakonsa mai kyau, kuma a lokacin an riga an rufe an ɗauki wani. Ranar na koma gida abin na cina, don na gane ba rashin tarbiyya ba ne, gidansu sun yi aikinsu, kawai ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa imel ɗin nan da kake gani ƙofar mutum ce kake ƙwanƙwasawa, akwai ɗan Adam zaune a bayanta.

Kuma abin da ke ba ni takaici, mu fa ba baƙin wasiƙa ba ne. Na tashi na ga takardun da kakanmu ke aiko wa babanmu daga gida a hannun direban mota, shi bai iya boko ba wani yake sa wa ya rubuta masa, amma kullum ga yadda take farawa: takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga ɗana wane, bayan gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, ina sanar da kai cewa kaza da kaza. In ya gama ya ce a gaida su wance da yara, haza wassalam. Ku duba da kyau, ya faɗi ko shi waye, ya faɗi wanda yake nufi, ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ya kawo shi, ya yi sallama. Imel bai zo da wani sabon abu da ya wuce wannan ba. Tun 1971 da wani injiniya Ba'amurke Ray Tomlinson ya fara tura saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata ya zaɓi alamar @ ta raba sunan mutum da inda yake, tsarin wasiƙa aka bi, shi ya sa har yau akwai gurbin daga wa, gurbin zuwa ga wa, da gurbin kan magana. Matsalar ita ce ku da yawanku WhatsApp kuka fara sani kafin imel, a can kuwa wanda kake wa magana ya san ka, yana da lambarka da hotonka, kana iya jefa masa hoto kawai ya gane. Ni ban san ka ba ƙanena. Abin da ka rubuta shi ne fuskarka a wurina, kuma shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

To fara da sunanka tun kafin ka rubuta komai. Adireshin da ka buɗe kana aji uku na sakandare ka sa masa sunan ɗan ƙwallo ko sarauniyar kyau ko wani kirari, bar shi can don Facebook da TikTok, ka buɗe wani da sunanka na yanka da na mahaifinka yadda suke a satifiket, kyauta ne minti biyar bai kai ba. Ka kuma duba sunan da ke fitowa a wurin wanda ka aika wa, don wani adireshinsa lafiya lau amma sunan da ya saita tun tuni yana nan yana bin sa. Ba raini ba ne ya sa muke tsallake irin waɗannan, tsoro ne. Kun san yadda 'yan damfara suka ɓata mana suna a duniya har lambar sashen doka 419 ta zama sunan sana'arsu, kullum ana gargaɗinmu a ofis kar mu buɗe fayil daga wanda ba mu sani ba, to saƙo ya zo ba kan magana ba bayani da baƙon suna da abu a maƙale, me kake so in ɗauka? Wani lokaci ma ba ya iso gare ni, na'urar da kanta take tura shi kwandon tarkace.

Ka riƙe lambar sirrinka da kanka kuma dan Allah. Na sha ganin wanda mai kafe ne ya buɗe masa imel lokacin rajistar JAMB ko ta bautar ƙasa, da lambar wayar mai kafen aka buɗe, yau an kira shi intabiyu ta can shi kuma bai ma san hanyar shiga ba.

Sabjet kuwa layi ɗaya ne, ka rubuta abin da ya kawo ka da sunanka, neman aikin kaza, daga wane. In sanarwar aikin ta ce a rubuta wata lamba ko wata kalma a wurin to rubuta ta yadda aka ce, don da ita muke tace saƙonni, wanda bai sa ba ko yana ciki ba zai fito ba. Kar ka rubuta taimako, kar ka rubuta gaggawa da manyan baƙaƙe da alamar motsin rai guda biyar. Rubutu da manyan baƙaƙe zalla a intanet ihu ne, kamar ka shigo ofis ka ɗaga murya a kan mutane.

Sai gaisuwa, nan ne nake so in ɗan daɗe. Nasan yawancin ofisoshin garin nan da turanci ake rubutu, kuma nasan wasunku tsoron kuskuren turanci ne yake sa su tura fayil kawai su gudu ba su ce komai ba. Ku daina jin wannan tsoron. Ba wanda yake neman turancin Sarauniya a wurinku, layi huɗu masu sauƙi sun isa: gaisuwa, ni ne wane na karanta kaza a makaranta kaza, na ga sanarwarku a wuri kaza ina neman aikin kaza, ga takarduna na maƙala, na gode, sai cikakken suna da lambar waya a ƙasa. Shikenan fa. Wanda ya rubuta wannan ko da kuskure biyu a ciki ya fi min wanda ya yi shiru sau dubu. Amma ka rubuta kalmomin su cika, gajerce-gajercen nan na hira da abokai da 'yan hotunan dariya da na haɗa hannu ba wurinsu ba ne. Kuma ka bincika wa kake rubuta wa. Sunana na mace ne ƙarara a jikin sanarwa amma rabin saƙonnin da Sir na maza suke farawa, ba wai zai kashe ni ba ne, sai dai yana nuna min mutum bai tsaya ya karanta ba. In ba ka sani ba namiji ne ko mace, gaida ofishin ko muƙamin. In Dakta ce ko Farfesa ko Injiniya ka ba ta abinta, mu da ko a unguwa ba ma kiran babba gatsal sai mun sa Malam ko Hajiya ko Baba. Sannan garin nan na kowa ne, wanda zai buɗe saƙonka zai iya zama Musulmi ko Kirista, Bahaushe ko Bagware ko Bayarabe, in ka san mutum ka san sallama ce gaisuwarsa yi masa, in ba ka sani ba barka da safiya ba ta ɓata wa kowa rai.

Akwai kuma waɗanda suka zarce ta ɗaya gefen, su ma ina jin tausayinsu ƙwarai. Shafi guda cur na roƙo, mahaifina ya rasu, mu goma sha ne a gida, ni ne babba, ki taimaka saboda Allah da Annabi. Na yarda gaskiya kuke faɗa, nasan halin da ake ciki, ni ma daga irin gidan na fito. Amma wanda zai yanke hukunci abin da yake nema shi ne me ka iya, in ka cika saƙon da kuka sai abin da ka iya ya nutse a ciki, kuma kana zubar da ƙimarka a gaban wanda bai san ka ba. Ladabi daban, ƙasƙantar da kai daban.

Wani sabon abu da ya shigo yanzu, masu sa ChatGPT ya rubuta musu. Ban hana ba, amma ka karanta abin da ya ba ka kafin ka tura mana. Sau da yawa ina ganin wasiƙa mai santsi kamar lauya ne ya tsara, ka zo ƙasa sai ka ga gurbin da aka bar masa ya sa sunansa yana nan yadda yake bai cike ba, ko sunan wani kamfani daban a sama don kwafowa ya yi daga wadda ya tura musu jiya.

Takardu kuma a haɗa su a PDF, a sa wa fayil ɗin sunanka da abin da ke ciki. Akwai manhajojin sikanin kyauta a waya da za su miƙe takardar su goge inuwa, ko ka ba mai shago a Area 1 ko Wuse ya yi maka sau ɗaya ka adana. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce 25MB a maƙale, in ya wuce sai ya mayar da shi mahaɗin Google Drive, in kuma ba ka buɗe izini ba ni a nan sai in tarar da ƙofa a kulle, kuma gaskiya ba ni da lokacin bin kowa ina roƙon mabuɗi.

Yanzu ga waɗanda Allah Ya ba wurin aiki ko wurin bautar ƙasa, ku ma da sauran magana. Akwai gurabe biyu a ƙarƙashin zuwa ga wa, CC da BCC. CC ɗin nan daga takardar kabon ya samo suna, wadda iyayenmu masu buga tafireta ke sakawa tsakanin takardu biyu don kwafi ya fito, ma'anarsa ga kwafi don ka sani, kuma duk wanda ke ciki yana ganin adireshin kowa. BCC shi ne wanda ba a ganin juna. In za ka tura sanarwa ga mutane da yawa da ba su san juna ba, a BCC ake zuba su, don adireshin mutum amana ce kamar lambar wayarsa. Kar ku ɗauka ƙaramin abu ne. A watan Satumba na 2021 ma'aikatar tsaron Birtaniya ta tura imel ga 'yan Afghanistan fiye da 200 da suka yi wa sojojinta aiki suna neman a kwashe su bayan Taliban ta karɓi mulki, aka zuba adireshinsu a fili kowa na ganin na kowa, mutanen da ke ɓoye don tsira da rai. Daga baya hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci ma'aikatar tarar fam 350,000. Mu ma nan tun 2023 muna da dokar kare bayanan jama'a. Sannan maɓallin amsa wa kowa, a kula da shi. An turo sanarwar taro ga ma'aikata duka, kai kana so ka ce ba za ka samu zuwa ba don matarka na asibiti, wanda ya turo kaɗai ya kamata ya ji, ba duk ginin ba.

Abin da ya fi min ciwo a CC shi ne masu mayar da shi makami. Kun ɗan samu saɓani da abokin aiki kan abin da za ku iya kashewa a tsaye a bakin ƙofa, sai ka rubuta masa saƙo mai zafi ka saka oga da ogan oga a kwafi don a ga laifinsa. Wannan kai ƙara ne a gaban jama'a, kuma ko ka yi nasara ranar ka rasa mutum. Magana zarar bunu ce, ta imel kuwa ta fi ta baki muni don ba ta gogewa, tana nan ajiye, ana iya tura ta gaba, ana iya buga ta a saka a fayil ɗinka shekara biyar ana karantawa. Gmail na ba da damar janye saƙo amma iyakarta daƙiƙa 30, shi ma sai ka saita, bayan nan ya tafi kenan. In ranka ya ɓaci rubuta abin da za ka rubuta amma kar ka sa adireshin kowa a sama, tashi ka yi alwala ko ka sha ruwa ka zaga, ka bar shi ya kwana. Na ga yarinya mai ƙoƙari da aka so a riƙe bayan ta gama bautar ƙasa, saƙo ɗaya da ta rubuta cikin fushi da yamma shi ya sa aka fasa, kuma abin haushin ita ke da gaskiya a rigimar.

Game da lokaci, imel ba kiran waya ba ne. Ka tura ƙarfe tara na dare, tara da minti biyar ka kira ni Madam na turo kin gani, ina tsakiyar ba yara abinci. Ba mutum kwana biyu uku na aiki, in shiru ka sake rubutawa a ƙarƙashin saƙon farko cikin ladabi kana tuni. In cikin dare kake samun data ko wuta, akwai wurin da za ka saita saƙon ya tafi da kansa ƙarfe takwas na safe. Kai ma kuma ka riƙa leƙa akwatinka kullum har da kwandon tarkacen, don mun sha kiran mutum intabiyu ya amsa bayan sati biyu.

In an rubuto maka ka amsa, ko da layi ɗaya ne, na gani na gode zan dawo gare ki ranar kaza. Malamin da ya rubuta maka takardar shaida, wanda ya tura maka sanarwar aiki, wanda ya gyara maka CV, koma ka ce masa ga yadda aka yi, ko an samu ko ba a samu ba. Yaba kyauta tukuici. Akwai wata da muka yi wa intabiyu ba mu ɗauke ta ba, washegari ta rubuto layi uku tana godiya da lokacin da aka ba ta, ta ce in wata dama ta fito a tuna da ita. Bayan wata huɗu wani ofis da muke hulɗa da su suka tambayi oga ko ya san wani, sunanta ne ya fara zuwa bakinsa, yanzu haka tana can tana aiki.

Ba zan rufe ba sai na juyo kanmu mu da ke zaune a kujerun, don nasan wasunku na karantawa suna cewa to Anti ku fa? Kuna da gaskiya. Yaro ya ci bashin data, ya biya kuɗin sikanin, ya tsara saƙonsa tsaf da ladabi, mu kuma ko mun gani ba ma cewa, ya yi wata uku yana duba waya yana sa rai alhali an daɗe da ɗaukar wani. Wannan rashin kyautawa ne kuma ya fi naku nauyi don mu ne manya, sallama ma ai amsa ta ce wajibi. Tun abin yaron nan na Mararaba na roƙi oga ya bar ni in riƙa amsa wa duk wanda ya nemi aiki a wurinmu, ko da haƙuri ne za a ba shi, ya amince, kuma ina roƙon 'yan uwana sakatarori da masu kula da ma'aikata a garin nan su ma su gwada.

Shi kuwa yaron ban bar shi ya tafi haka ba ranar. Na jawo kujera na ce zauna dole, muka buɗe sabon adireshi da sunansa a wayarsa, na sa aka yi masa sikanin takardunsa a injinmu, muka rubuta layi huɗun nan tare ya adana. Da zai tafi ya ce Anti da ma tun muna makaranta wani ya nuna mana wannan. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya karanta ya nuna wa na kusa da shi, ƙaninka ko 'yar ɗakinku ko waɗanda kuke haɗuwa ranar CDS, wato ranar aikin raya al'umma ta 'yan bautar ƙasa.

A gaida mutanen gida in an yi waya. Haza wassalam.

Taku,
Yayarku a Abuja